Tukunyar Mushe

Shekara 11 ina koyar da fizik a lakkwal, amma ko cokali ban taɓa narkawa da hannuna ba. Uwargida ce ta ce tana son babbar tukunya kafin sunan ƙanwarta, ga wata ya yi nisa, aljihu sai iska. Sai na tattara tarkacen gida: tsofaffin fistan na mota da wani bakanike ya bar mini, fasassun murafe, da gwangwanayen lemo buhu guda, duk na ƙarfen sanholo. Na hau kabu-kabu daga unguwar Bagalam ta Maradi, sai wajen masu zubin tukwane.

Baba maƙeri ya zazzage buhun, ya ture gwangwanayen da ƙafa. "Waɗanga rabinsu kashi ne, Mushe." Haka ake kiran malamin lakkwal. Fistan kuwa ya ɗauka yana jinjinawa. Nan take malamin da ke cikina ya motsa. Na ce masa sanholo zalla sai ya kai digiri 660 yake narkewa, amma na fistan an gauraya shi da wani sinadari da ake kira silikon, kuma in silikon ya kai wajen kashi 12 cikin ɗari, tun a digiri 577 yake zama ruwa, ya kuma fi bin lungunan ƙasar zubi. Baba ya dube ni ya ce, "To. Mu dai mun san yana da gudu."

Ƙarfe ya fara narkewa ke nan aka zo kiran Baba gaisuwar rasuwa a maƙwabta. Ya bar yaronsa yana juya ƙafar keken da ke hura wuta.

Ina zaune ina lissafi. Ai ko ƙarfe ya narke, ƙwayoyinsa ba su watsewa gaba ɗaya. Suna nan gungu-gungu, kamar mata a gidan biki, kowace da 'yan ƙawayenta. Zafi na ƙaruwa, gungun na wargajewa, ruwan na ƙara tsinkewa. Ashe ke nan ƙarin wuta shi ne ƙarin kyau. Na ba yaro dala ashirin ya je ya sayi ƙuli-ƙuli, na tuɓe riga, na kama keke. Na tula gawayin da ruwan daren jiya ya jiƙa, yana ta tururi, ni ko a jikina. Na juya, na juya, har ƙarfen da ke fari kamar azurfa ya koma ja. Karambanin akuya, gai da kura.

Abin da na manta yana shafi na gaba a littafin da nake koyarwa da shi. Narkakken sanholo, gwargwadon zafinsa gwargwadon yadda yake shan iskar haidirojin daga tururi. In ya zo daskarewa ba ya iya riƙe ta, sai ya tofar, ta bar ƙananan ramuka kamar tsinin allura.

Baba ya dawo, ya leƙa kasko, ya dubi zufar da ke bin ƙirjina.

"Wa ya dahe shi haka?"

Na ce kimiyya ce. Ya ce a bari ya huce, a sake shiri gobe. Na ce suna gobe ne, a zuba kawai. Ya ɗaga kafaɗa: "Kuɗinka ne."

Tukunya ta fito tana ƙyalli, na kai gida ina taƙama.

Da safe aka ɗora ta kan murhu cike da ruwan shinkafa. Ba a jima ba gindinta ya fara tsatsafo, ɗigo na faɗawa cikin wuta, cus, cus. Mata suna hurawa, tukunya tana kashewa. Surukata ta sunkuya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Allah sarki, ita ma zahin Maradi ya dame ta. Zuhwa take."

A maƙwabta aka aro tukunya. Tawa tana tsakar gida yanzu, uwargida ta shuka na'ana'a a ciki, ta ce ba ta taɓa samun abin da ke tsane ruwa daidai kamarta ba. Yaron Baba kuwa, duk ranar da na ratsa ta maƙera sai ya ɗaga murya: "Mushe, yau ba ka taya mu zuga?"