Lissafin Kanada a Damagaram

Tun da likita ya ɗora ni kan maganin hawan jini, duk wata sai na leƙa wata farmasi da ke kan hanyar Kasuwar Dole. Kuɗin maganin jika ɗaya ne da dala 187 (a lissafinmu dala sefa biyar ce, jika kuwa dala 200). Wanda ya yanka wannan farashi, na rantse bai taɓa tsayawa layi a Damagaram ba. In miƙa jika biyu, canjina dala 13, sai yarinyar da ke kes ta turo mini dala goma ta ce, "Baba, ba canji." Dala uku ta tafi ke nan. Ranar da ta tashi da kirki ta haɗa mini da minti guda, ni da likita ya ce in yi nesa da zaƙi.

Ba ita kaɗai ba ce. Mai butikin unguwarmu a Birni ya mayar da ashana da dunƙulen magi kuɗin ƙasa. Abin da ke ci mini rai shi ne babu wanda ya soke ƙananan kuɗin nan. Bankin BCEAO, mai buga mana sefa, bai ce a daina karɓar dala ba, bai ce a daina karɓar dala biyu ba. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994 suka fara ja da baya, tamma, wato sefa ɗaya, ta riga kowa kwantawa, sauran suka bi ta sannu a hankali ba tare da an yi musu ko jana'iza ba. Yau abin da ya kasa dala biyar, a kasuwa ba kuɗi ba ne.

Wani dare ina sauraron rediyo na ji cewa Amurka ta daina buga santi ɗaya a watan Nuwamba na 2025, don abin da ake kashewa wajen ƙera shi ya kusa santi huɗu. Suka ce Kanada ta riga ta janye nata santin tun 2013, kuma da ƙa'ida: idan kuɗin kaya ya ƙare da 1 ko 2, a sauko, idan ya ƙare da 3 ko 4, a hau zuwa 5, 6 da 7 su koma 5, 8 da 9 su cika 10. Yau mai saye ya ci, gobe mai sayarwa. Na tashi zaune. Shekaruna nawa ina koyar da lissafi a lakwal, ban taɓa jin ƙa'idar da ta yi mini daɗi haka ba. A wurinmu fa hawa kawai ake yi.

Da wata ya kama na je na karanta wa yarinyar kes darasi. Na ce, "Ɗiyata, da a Kanada ne, 187 sai ta koma 185. Ni ke da riba." Ta saurare ni da ladabi har na dasa aya, ta turo dala goma, ta ce, "Allah ya kai mu Kanada, Baba. Na baya ya matso."

To, tunda ba a yi da ni da baki, sai a yi da ƙarfe. Na tuna wani gwangwanin madara da marigayiya Inna ta bari a ƙasan adaka. Na buɗe, ga su nan tuli, sun yi baƙi: dala-dala masu kan barewa, dala bibbiyu, ƴan tamma, da dala hamsin guda ɗaya mai launi biyu. Na sa yara suka darje su da toka da lemun tsami har suna ƙyalli. Uwargida tana kallo daga bakin murhu, ta ce, "Malam, lemun tsamin nan dala ashirin na saye shi." Na yi kamar da wani take.

Kafin in kai su farmasi na ce bari in gwada ƙarfinsu a gari. Mai ƙosai ta dubi dala biyar ɗin da na jera mata ɗai-ɗai, ta ce in ba ni da kuɗi in ɗauka kyauta, ba sai na kunyata kaina gaban yara ba. Ɗan ga-ruwa na nuna wa hoton da ke bayan dala biyu, mutane ne suna ɗiban ruwa a famfo, na ce ka ga, kuɗin sana'arku ne. Ya ce to in je wurinsu su ba ni ruwan. Almajirin da na jefa wa dala uku a kwano ya tsince su, ya biyo ni har kwana yana cewa, "Alhaji, ka yar da abinka."

Mai kabu-kabu ne ya fi kowa rashin kunya. Ya sauke ni kusa da kasuwa, na miƙa masa dala hamsin ɗin nan, ya ja hannu baya kamar na miƙa masa kunama. Na ce kuɗi ne halal, banki bai hana ba. Ya ce, "Baba, ni ba banki nake kai wa ba, mai mai nake kai wa." Dole na ciro takardar dala ɗari. Ya lalube aljihu, ya ce shi ma ba canji. Na haƙura da dala goma a nan, ban ma kai inda za ni ba.

Na shiga farmasi da gwangwanina a hammata. Da layi ya zo kaina na ajiye jika ɗaya, na ƙara dala 180, sannan na buɗe murfi na ƙirga dala bakwai ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta yi ƙara a kan kanta. Jika ɗaya da dala 187 cif. Na tsaya ina jiran ta ƙi, don na tanadi jawabi tun daga gida.

Sai fuskarta ta washe. "Kai, Baba! Ina ka samo waɗannan? Wallahi su muke nema, kullum sai an zage ni a kansu. Kawo duka in ba ka takarda."

Ban shirya wa wannan ba. Na zazzage gwangwanin, muka shiga ƙirga ni da ita, mutanen layi suna tsaki, wani tsoho yana tambaya ko rabon gado ake yi. Tammomin ta ture gefe ta ce in kai wa jikoki. Sauran suka tashi dala 102. Ta share su cikin aljihun tebur da gefen hannu, ta miƙo mini takardar dala ɗari sabuwa fil.

Na ce, "Saura dala biyu."

Ta ce, "Baba, ba kai ka ce 1 da 2 saukowa ake yi ba?"

Na ce wannan ai a Kanada ne. Ta ce ita dai darasin da aka koya mata ta riƙe. Layi ya fashe da dariya, tsohon nan har da tafi. Na ɗauki maganina na juya, sai ta kira ni, ta turo dala hamsin mai launi biyu da na cusa a tsakiyar tulin ina fatan ta wuce.

"Wannan kuma riƙe abarka, Baba. Na baya ya matso."