Fim ɗin tarihi da masu ƙidayar tsiraici a cikin ikilisiya

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a wurin masu yi wa Kirista sharhin finafinai, kuma ta kai matsayin da bai kamata a ci gaba da kawar mata da kai ba. Da zarar an saki fim ɗin da ya taɓo wani babban bala'i na tarihi, sai a ɗauko biro da takarda a shiga ƙidaya: sau nawa aka yi ashar, sau nawa aka ga tsiraici, sau nawa jini ya zuba. Daga nan a haɗa jimilla, a yanke wa masu bi hukuncin su kalla ko su guje. Yanzu har an samu manhajoji irin su VidAngel da ClearPlay da ke ɗauke wa mutum wannan wahala, ya zaɓi abin da ba ya son gani, na'ura ta riƙa tsallake masa, ana kuma tallata su tamkar sun warware matsalar lamirin Kirista baki ɗaya. A ganina wannan lalaci ne da aka sa wa rigar tsoron Allah.

Wanda yake son ya ga inda wannan lissafi yake kai mutum, ya tuna abin da ya faru a Amurka a watan Fabrairun 1997, lokacin da tashar talabijin ta NBC ta nuna Schindler's List na Steven Spielberg, fim ɗin da ya ba da labarin kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa da yadda wani Bajamushe, Oskar Schindler, ya ceci wasunsu, ba tare da an yanke wuraren tsiraici da kisa ba. Tom Coburn, ɗan majalisar wakilai daga jihar Oklahoma, Kirista mai kishin addini kuma likita, ya fito ya ce talabijin ta faɗi ƙasa warwas saboda tsiraici da ashar da zubar da jini. Sai da 'yan jam'iyyarsa ta Republican suka yi masa ca, ya dawo ya ba da haƙuri. Abin mamaki a nan shi ne likita, wanda ya fi kowa sanin cewa ba kowane jikin da aka tuɓe ne aka tuɓe don sha'awa ba, shi ne ya yi wa tsiraicin fim ɗin kuɗin goro.

To, mene ne wannan tsiraicin da ya tayar masa da hankali? A sansanin Plaszow da ke kusa da birnin Krakow a Poland, an tuɓe fursunoni Yahudawa maza da mata, tsofaffi da matasa, aka sa su gudu a fili gaban likitocin 'yan Nazi, ana kaɗa musu kiɗa a garmaho, domin a ware masu sauran ƙarfi daga waɗanda za a kashe. Kafin a fito da su, an nuna mata suna soke yatsunsu da allura suna shafa jinin a kumatu, ko fuskarsu ta yi ja a ɗauka suna da lafiya. Duk wanda ya kalli wannan wuri har sha'awa ta motsa masa, cutarsa ta girmi fim ɗin. A ɗora manhajar tacewa a kansa, sai ta share mutanen da aka wulaƙanta ta bar sojojin da suka wulaƙanta su tsaf cikin kakinsu, domin su dai ba su tuɓe ba. Mai kallo ya tashi da tsabtataccen ido, bai kuwa ga komai ba daga abin da aka yi wa Yahudawa miliyan 6.

Masu ƙidaya sukan kafa hujja da Filibiyawa 4:8, inda Manzo Bulus ya ce a sa tunani a kan abin da yake mai tsarki, abin ƙauna, abin yabo. Da kyau. Sai dai jerin nan da "gaskiya" ya fara, kuma Bulus ɗin ne dai ya rubuta wa Afisawa cewa kada su haɗa kai da ayyukan duhu, su tone su a fili. Littafi Mai Tsarki da kansa ba zai tsallake ma'aunin waɗannan mutane ba. A Littafin Mahukunta sura 19 an ba da labarin matar da mutanen Gibeya suka yi wa fyaɗe dare guda har ta mutu a bakin ƙofa, mijinta ya yanyanka gawarta gida 12 ya aika wa kabilun Isra'ila, surar kuma ta ƙare da kira ga masu ji su yi tunani, su yi shawara, su yi magana. Ba a ɓoye abin da Dawuda ya yi da Batsheba ba, ba a ɓoye abin da Amnon ya yi wa Tamar ba, haka nan surori na 16 da 23 na Ezekiyel, waɗanda fastoci da yawa ba sa iya karantawa a kan bagade. Allah bai ga ya dace a rufe wa mutanensa ido daga muguntar ɗan adam ba, domin wanda bai san zurfin zunubi ba, da wuya ya san darajar gafara.

Akwai kuma son kai a cikin yadda ake amfani da ma'aunin. A 2004 majami'u da dama a Amurka, waɗanda suka daɗe suna hana mabiyansu kallon duk fim ɗin da aka keɓe wa manya, su ne suka riƙa sayen tikitin gidajen sinima gaba ɗaya domin The Passion of the Christ, fim ɗin da bulala ke yagar fatar Yesu a cikinsa na tsawon lokaci. A nan an gane cewa jini yana iya zama wa'azi. Amma da 12 Years a Slave ya fito a 2013, da labarin Solomon Northup, ɗa mai 'yanci da aka sace a 1841 aka sayar bawa, ba a ga irin wannan rububin ba. A cikinsa an tuɓe wata baiwa, aka ɗaure ta a turke, aka yi mata bulala har bayanta ya tsattsage saboda ta je neman sabulu. A cikinsa ne kuma ubangidan bayin ya buɗe Luka 12:47 ya karanta musu cewa bawan da ya ƙi bin nufin ubangijinsa zai sha duka da yawa. Ina zargin cewa wannan ayar a bakin azzalumi ita ce ta fi tsiraicin ƙona rai, domin ta tuna wa ikilisiya cewa an taɓa riƙe Littafi a hannun dama da bulala a hannun hagu. Fakewa da tsiraici ya fi sauƙi a kan fuskantar wannan tarihin.

Masu cewa fasaha ta fi ƙarfin hukuncin addini, duk abin da darakta ya ga dama daidai ne, ba su da abin da za su koya wa Kirista. Tarihi ya zama mafakar masu sayar da jikin mata, kuma ma'aunin da nake karewa, wato duba dalilin da ya sa aka nuna abu, ya fi na masu ƙidaya tsanani a kansu. Dubi Oppenheimer na 2023, wanda ya lashe kyautar Oscar har 7. Fim ne a kan mutumin da ya jagoranci ƙera bam ɗin nukiliya, amma bai kai mai kallo Hiroshima ko Nagasaki, biranen da aka jefa wa bam ɗin, ba, bai nuna Japanawan da wutar 1945 ta cinye ba. Abin da ya samu sararin nunawa shi ne tsiraicin farkarsa Jean Tatlock, har a cikin ɗakin da ake yi masa tambayoyi. An kare mana ido daga abin da ya kamata ya sa mu kuka, aka buɗe mana abin da bai ƙara mana sanin komai ba. Shi kansa Schindler's List bai tsira ba: wuraren da aka nuna Schindler a gado da farkarsa, ana iya sanar da mu cewa mazinaci ne ba tare da su ba. Kirista yana da 'yancin ya faɗi haka, ya kuma ci gaba da cewa fim ɗin ya cancanci kallo, kamar yadda Fadar Vatican ta sanya shi cikin jerin manyan finafinai 45 da ta fitar a 1995.

Hujja ɗaya ce daga ɓangaren masu tsanani take da nauyi, wato kisan da ake gani a fim na wasa ne, amma tsiraicin na gaske ne, domin akwai ɗan adam da ya tuɓe a gaban kyamara. Wannan magana ta isa ta rushe kusan duk wani wurin kwanciya da aka cusa a fim ɗin tarihi, kuma ina goyon bayanta a nan. Amma ba ta kai ga filin Plaszow ba, inda aka tuɓe domin a ba da shaida a madadin waɗanda ba su rayu sun ba da tasu ba. Tambayar da ta raba su ita ce, a gefen wa kyamara ta tsayar da kai? Idan ta sa ka cikin layin waɗanda ake zalunta har kunyarsu ta zama taka, ka zama shaida. Idan kuwa ta ba ka kujerar mai leƙe tana ɗanɗana maka zunubin, gargaɗin Yesu a Matiyu 5:28 ya hau kanka, ko da labarin ya faru da gaske. Babu manhajar da za ta iya amsa wannan tambaya, domin ba ta san bambancin gawa da karuwa ba.

Ba wanda ya ce dole kowa ya kalla. Yara ba wurinsu ba ne, kuma ɗan'uwan da ya san rauninsa ya ƙaurace, ya yi daidai, Romawa 14 ta hana a raina shi. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne ya mayar da rauninsa doka a kan ikilisiya duka. Fastoci da shugabannin matasa su daina miƙa wannan aiki ga masu ƙidaya. Su fara kallon fim ɗin da kansu, su karanta tarihin da aka gina shi a kai, sa'an nan su zauna da manyan mabiyansu a tattauna wurin da ya ba da shaida da wurin da ya yi ciniki, kuma makarantun tauhidi su sa wannan a cikin abin da suke koya wa masu shirin hawa bagade.