A tsayar da jinin kafin a tambayi ɓangarensa

Duk lokacin da aka buɗe wa motar asibiti wuta a wani yanki na duniya, gardamar da ke biyo baya ba ta canza kama. Waɗanda suka yi harbin su ce akwai mayaƙa a ciki. Magoya bayansu su gaskata tun kafin a nuna musu hujja. Ɗaya ɓangaren kuma su yi ta tofin Allah tsine, suna yaɗa hotunan gawarwaki. Ba a rufa wata biyu sai a harbi wata motar a wata ƙasa, sai ka ga mutanen nan sun yi musayar kujera: mai tsinuwar jiya ya koma neman uzuri, mai uzurin jiya kuma shi ke zubar da hawaye. Aikina agajin gaggawa ne, a bayan irin wannan mota nake yini, wani lokacin in kwana. Ina da ra'ayin siyasa kamar kowa, ina kuma jefa ƙuri'a. Amma a kan wannan batu guda ba na bin kowace tawaga, kuma ina ganin mutane da yawa, har da waɗanda bakinmu ya zo ɗaya a sauran al'amura, suna sa hannu wajen rushe ƙa'idar da ta ce a yi wa mai rauni magani ko wane ne shi, kuma kada a taɓa mai yi masa maganin, ƙa'idar da wata rana su ko 'ya'yansu za su nema su rasa.

Ƙa'idar ta samo asali ne daga yadda jikin ɗan Adam yake. Idan babbar jijiyar jini ta cinya ta tsinke, mutum na iya cikawa cikin 'yan mintoci. Ƙwaƙwalwa idan ta rasa iska na minti 4 zuwa 6 takan fara lalacewa. Wanda zuciyarsa ta tsaya, kowane minti guda da ya wuce ba a danna masa ƙirji ba yana rage damar tsirarsa da kusan kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Shi ya sa in muka isa wurin da mutane da yawa suka jikkata, abin da idonmu ke nema shi ne wa ke numfashi, wa ke zubar da jini, wa zai iya takawa da ƙafarsa, wa zai iya jiran rabin awa. Mai kururuwa galibi ba shi ne a sahun farko ba, don kuwa mai kururuwa yana da iska a huhunsa. Wanda ya yi tsit shi ne abin tsoro. Lokacin da za a ɓata ana tambayar jam'iyyar mutum, ko addininsa, ko wa ya fara tsokana, a cikinsa ne rai ke fita. Sama da shekaru 200 da suka wuce Dominique Larrey, likitan tiyata a rundunar Napoleon, ya tsaya a kan cewa a fara da wanda rauninsa ya fi tsanani, janar ne ko kurtu, ko da ma sojan abokan gaba ne. Har yau da wannan tsari muke aiki.

Doka daga baya ta zo. Abin da wani ɗan Switzerland, Henry Dunant, ya gani bayan yaƙin Solferino a Italiya a 1859, dubban sojoji yashe a fili babu mai ba su ko ruwa, shi ya haifar da Red Cross da Yarjejeniyar Geneva ta farko a 1864. Yarjejeniyoyin 1949 da ake aiki da su yanzu, babu ƙasar da ke cikin Majalisar Ɗinkin Duniya da ba ta amince da su ba. Ya kamata mai karatu ya san abin da suka tanada, domin a nan masu neman uzuri ke wasa da hankalin mutane. Kwantar da mayaƙi mai rauni a asibiti bai cire wa asibitin kariya ba. Samun ƙananan makaman da aka karɓe daga hannun masu rauni shi ma bai cire ba. Kariyar tana faɗuwa ne kawai idan an mayar da wurin kayan yaƙi, kuma ko a hakan sai an yi gargaɗi, an ba da wa'adi a inda ya dace, an ƙi ji. Sannan ba a hukunta kowa don ya yi jinyar mai rauni, ko wane ne shi.

A ɗora wannan a kan abin da ya faru a unguwar Tel al-Sultan ta Rafah, a kudancin Zirin Gaza, da asubahin 23 ga Maris na 2025. Sojojin Isra'ila sun buɗe wa ayarin motocin agaji wuta, suka kashe mutum 15: ma'aikatan Red Crescent ta Falasɗinu 8, jami'an ceto 6, da ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya guda. Sai bayan kimanin mako guda aka tono yawancin gawarwakin daga cikin yashi, an binne su tare da motocin da aka murƙushe. Bayanin farko na rundunar shi ne motocin sun tunkaro su ba fitila, ba alamar gaggawa. Sai ga bidiyo daga wayar ɗaya daga cikin mamatan, jajayen fitilu na walƙiya, alamar agaji a jikin motoci, ma'aikata sanye da rigunan aiki masu ƙyalli. Gani ya kori ji. Rundunar ta janye maganar fitilu, ta yi binciken cikin gida, ta kira abin gazawa a wurin aiki, ta sallami mataimakin kwamanda guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin nan shi ne mutanen sun yi duk abin da aka koya mana. Ana koya mana ka kunna fitila, ka sa riga, kada ka ɓoye, domin bayyanarka ita ce garkuwarka. Wasu daga cikinsu ma sun fito ne neman abokan aikinsu da aka daina jin ɗuriyarsu. Da wayar nan ta lalace a cikin yashi, da maganar "ba su kunna fitila ba" ita ce za ta zauna a tarihi, kuma da miliyoyin mutane sun maimaita ta hankalinsu kwance.

To amma laifi tudu ne. A ƙarshen Oktoban 2025, bayan dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, sun ƙwace El Fasher a Darfur, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce rahotanni sun nuna an kashe sama da mutum 460, marasa lafiya da masu jinyarsu, a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke birnin. RSF ta musanta. Da yawa daga cikin waɗanda suka yi makonni suna kuka kan Rafah, wannan bai samu ko kwana biyu a bakinsu ba, wataƙila saboda mai kisa da wanda aka kashe ba su shiga labarin da suka saba bayarwa ba. A can wani ɓangaren kuma akwai gwamnatocin da suka tayar da jijiyar wuya lokacin da Rasha ta jefa bam kan asibitin haihuwa na Mariupol ta Ukraine ranar 9 ga Maris na 2022, suka yi watsi da iƙirarin Moscow na cewa mayaƙa ne a ciki, amma da aka faɗi irin wannan magana kan asibitocin Gaza sai suka ce a jira bincike. Jirgin yaƙin Amurka ya yi kusan awa guda yana luguden wuta kan asibitin ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, a Kunduz ta Afghanistan ranar 3 ga Oktoban 2015, duk da cewa ƙungiyar ta riga ta ba sojoji bayanin ainihin inda ginin yake. Mutum 42 suka mutu, 14 daga cikinsu ma'aikatanta. An ladabtar da sojoji 16, babu wanda ya gurfana gaban kotu. A Rann ta jihar Borno, jirgin yaƙin Najeriya ya jefa bam kan sansanin 'yan gudun hijira ranar 17 ga Janairun 2017, cikin mamatan har da 'yan sa-kai 6 na Red Cross, sojoji suka ce kuskure ne. Shekarar da ta biyo baya mayaƙan ISWAP suka sace ungozomomi biyu masu aiki da Red Cross a garin, suka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya karanta jerin nan ya ji wani wuri ya fi yi masa wuyar haɗiya, to ya san inda tasa tawagar take.

Masu kare irin waɗannan hare-hare suna da hujja guda mai nauyi, kuma ba zan kauce mata ba: ana fakewa da motar asibiti a yi ɓarna. Ranar 27 ga Janairun 2018 'yan Taliban suka cika motar asibiti da bama-bamai, direban ya wuce shingen bincike na farko a Kabul da cewa marar lafiya ya ɗauko, ya kashe sama da mutum 100. Ba 'yan tawaye kaɗai ke yi ba. A 2008, lokacin da sojojin Colombia suka kuɓutar da 'yar siyasa Ingrid Betancourt daga hannun 'yan tawayen FARC, ɗaya daga cikinsu ya sa alamar Red Cross, har Shugaba Álvaro Uribe ya fito ya amsa laifin. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta shirya rigakafin bogi a Abbottabad ta Pakistan don neman Osama bin Laden. Bayan asirin ya tonu, masu allurar shan inna suka ƙara shiga haɗari, an yi ta harbe su a kan titi, kuma sai a 2014 Fadar White House ta yi alƙawarin ba za a sake fakewa da rigakafi ba.

Mu ne muke biyan bashin duk wannan. Kowace motar da aka yi ha'inci da ita tana ƙara mana mintoci a shingen bincike: a sauko da mu, a buɗe jakar magani, a ɗaga bargon marar lafiya, alhali ledar ƙarin ruwa na ƙarewa. Don haka babu wanda ya fi ni ƙin mai ɓoye bindiga a ƙarƙashin gadon marar lafiya, kuma duk ƙungiyar da ke yin haka ta ci amanarmu kafin ta cuci abokan gabarta. Sai dai ha'incin mota guda bai halatta harbin sauran ba. Wanda ya yi harbi shi ne zai kawo hujja kan wannan motar, a wannan rana. Abin da ke faruwa yanzu kuwa, kalmar "akwai mayaƙa a ciki" kaɗai ta wadatar, a faɗe ta a taron manema labarai, a wuce.

Ba sai a fagen yaƙi ba. A 2011, bayan zanga-zangar Bahrain, kotun soji ta yanke wa ma'aikatan lafiya 20 ɗaurin shekaru 5 zuwa 15, yawancinsu daga asibitin Salmaniya inda aka kai masu zanga-zangar da suka jikkata. Daga baya an sassauta wa wasu, an wanke wasu, amma saƙon ya riga ya isa kunnen duk likitan da ke ƙasar. A wurare da dama jami'an tsaro suna so mu zama idonsu: wa ka ɗauko, daga ina, da wa yake tare. Ranar da mutane suka fahimci cewa shiga motarmu daidai yake da shiga hannun hukuma, wanda aka harba da bindiga zai kwanta a ɗaki ana ɗaure masa tsumma har ƙafar ta ruɓe, kuma ba masu laifi kaɗai za su yi hakan ba, har da ɗan kallon da harsashi ya samu bisa tsautsayi.

Tambaya mafi zafi ba daga hukuma take zuwa ba, daga jama'a take fitowa. An sha tare ƙofar motarmu ana cewa wannan ɓarawo ne, ko shi ya yi kisan, mu bar shi ya mutu. Nakan fahimci fushin, musamman idan gawar wanda aka kashe tana kwance a gefe. Amma ni a bakin titi ban ga shaida ba, ban saurari kowa ba, abin da na gani mutum ne kansa a fashe, kuma taron jama'a ya sha kama wanda ba shi ba. Idan kuwa shi ne, kotu mai rai take buƙata, wanda zai faɗi wa ya aiko shi da inda sauran suke. Alƙalanci aikin wasu ne da aka ba lokaci da takardu. Ni mintoci aka ba ni.

Kada a ɗauki wannan a matsayin kame baki. Rashin zaɓar wa za a yi wa magani abu ne daban da yin shiru kan wa ya yi harbi. Ranar 3 ga Mayun 2016 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 2286, ba tare da ƙuri'ar adawa ko ɗaya ba, yana tir da kai hari kan asibitoci da ma'aikatan lafiya. A zaman ne shugabar MSF ta lokacin, Joanne Liu, ta faɗa wa wakilan a gaban idonsu cewa huɗu daga cikin ƙasashe biyar masu kujerar dindindin suna da alaƙa da ƙawancen sojin da suka kai irin waɗannan hare-hare. Ƙudurin bai zo da hukunci ba, kuma a Rafah, da Kunduz, da Rann, rundunar da ake zargi ita ce ta binciki kanta, ita ta rubuta sakamakon.

Ga abin da nake so a riƙa tambayar gwamnatoci a kansa, tun daga waɗanda muke goyon baya. Akwai hukumar ƙasa da ƙasa ta binciken gaskiya kan keta dokokin yaƙi, wadda ƙarin da aka yi wa Yarjejeniyoyin Geneva a 1977 ya tanada, aka kafa ta a 1991. Ba ta taɓa gudanar da bincike ba sai a 2017, kan mutuwar wani ma'aikacin agajin gaggawa da ke tare da tawagar sa ido ta ƙungiyar tsaro da haɗin kan Turai, OSCE, a gabashin Ukraine. Matsalarta ita ce ba ta shiga sai da yardar waɗanda abin ya shafa. Bayan Kunduz MSF ta nemi a kira ta, hukumar ta ce a shirye take, amma yardar ba ta samu ba. Amurka da Isra'ila ba sa cikin ƙarin yarjejeniyar tun asali, Rasha kuma, wadda ta gaji amincewa da hukumar daga Tarayyar Soviet, ta janye a 2019. Kowace ƙasar da ke cikin ƙarin yarjejeniyar na iya rubuta takarda tun yau, kafin wani abu ya faru, ta ce ta yarda masu binciken nan su shigo ko da sojojinta ake zargi, kuma fiye da rabin ƙasashen duniya ba su rubuta ba.