Ku ƙyale telan nan, rigar da ke hoton ba a taɓa ɗinka ta ba

Tun jiya ake yawo da bidiyon ƙawayen amaryar nan a Bauchi, an taru a kan tela ana yi masa ruwan zagi wai ya ɓata musu anko. An bar jaki ana dukan taiki. Duk wanda ya san allura da zare, kallo ɗaya zai yi wa hoton da aka kai wa bawan Allahn nan ya gane cewa rigar ba ta taɓa hawa keke ba. Ƙirƙirarriyar basira ce ta zana ta, wadda kowa ke kira AI. Mai sayar da atamfar ta ɗora hoton a sitatus, ta ce turmi ɗaya ya isa, mata goma sha takwas suka tura kuɗi. Laifin yana wuyanta, kuma sunansa ha'inci.

Ku zo mu yi lissafi, tunda wasu sun dage cewa telan ne bai iya ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, yadi ɗaya inci 36, faɗin atamfa kuma bai cika wuce inci 46 ba. Siket ɗin da ke hoton cikakken fileya ne, mai zagaye ɗaya cur, daga ƙugu har ƙasa. A ce tsawonsa inci 42, a ƙara inci 5 na ramin ƙugu, an samu 47 ke nan daga tsakiya zuwa baki. Da'ira mai wannan girman tana cin sama da yadi 4 ko da ba a zubar da ƙyalle ɗaya ba, alhali ba a yanka zagaye a cikin yadi mai kusurwa huɗu ba tare da asara ba. Kuma da yake 47 ya fi faɗin atamfar, dole a yi jone-jone. Kafin a gama siket kaɗai turmin ya kusa ƙarewa. To ina saman rigar, ina manyan hannayen nan masu kumbura, ina jelar da ke jan ƙasa, ina ɗankwalin da aka naɗa kamar rawani? Wannan ɗinkin turmi biyu yake nema. Na'urar da ta zana hoton ba ta sayi yadi ba, ba ta riƙe almakashi ba, don haka ba ruwanta da ko zai isa.

Sannan ku buɗe hoton sosai ku duba. Zanen atamfa bugawa ake yi, yana maimaita kansa a tazara ɗaya daga farkon turmi zuwa ƙarshe. A hoton nan furen da ke ƙirji daban, na cinya daban, na gefe ya narke ya shige cikin ganye. Babu layin ɗinki a gefe, babu wurin zif, babu tattarar da ke fitar da ƙirji, amma rigar ta kama jiki kamar an zuba ta. Atamfa auduga ce, ba ta miƙewa. Rigar da ba ta da zif kuma ta kama ƙugu haka, ta ina mutum zai shiga? Zanen ya ratsa daga kafaɗa zuwa hannu bai yanke ba, abin da ko telan da ya fi kowa ƙwarewa sai ya ɓarnatar da yadi kafin ya kusanta. Ku dubi aikin wuya, dama da hagu ba su yi daidai ba. Ku dubi bakin atamfar inda kamfani ke buga suna da lamba, haruffan sun cakuɗe ba sa karantuwa. Hoto ya yi kyau, amma ba hoton kaya ba ne.

Launi ma haka. A sitatus ruwan zuma ne mai sheƙi, da aka buɗe leda sai ga ruwan ƙasa. Dama can fuskar waya tana sauya launi, WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa inganci in ba a tura shi a matsayin fayil ba. Wannan tsohuwar matsala ce, an san ta. Sabon abin shi ne yanzu ana ɗaukar atamfa mai arha a ce wa manhaja ta ƙara mata haske, ta goge tabo, ta sa ta zuba kamar siliki. Ana yi wa shadda haka ta fito tana ƙyalli kamar Getzner, alhali wanki ɗaya za ta yi ta zama kamar tsumma. Ana yi wa leshi haka a cike masa duwatsun da babu su.

Masu kare ta suna cewa ai kowa haka yake yi yanzu. Yawan masu yi ba ya halatta algus. Wasu sun ce ba ta da kuɗin ɗaukar mai tallan kaya, ko kuma matanmu ba sa son a ɗauki hoton jikinsu a watsa. Wannan gaskiya ne, kuma mutum-mutumin shago yana nan, hanga tana nan, tabarma da hasken safiya kyauta ne. Wasu kuma sun ce mai saye ya kamata ya gane da kansa. Haba jama'a. Uwar da ke haɗa lefen ɗanta daga Azare ko Misau, da ƙaramar waya mai fashasshen gilashi, ita za a ɗora wa nauyin tantance abin da masana kansu sai sun ƙura ido? Hotunan da Gemini, manhajar AI ta Google, ke fitarwa suna zuwa da ɗan tambari a kusurwa, na Meta AI ma haka. Wanda ya sa hannu ya yanke kusurwar nan kafin ya ɗora ya san abin da yake ɓoyewa.

Kada a ce ana gaba da fasaha. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, Meta AI kuma ya shigo WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a 2024, masu ƙananan sana'a sun samu sauƙi na gaske. Yarinyar da ke sayar da gyale daga ɗakinta a Yelwa tana iya cire tarkacen bayan hoto ta bar kayan yadda suke, ta rubuta bayani mai tsafta, ta tsara farashi da amsar tambayoyin da ake ta maimaita mata. Mai saye kuma yana da Google Lens: ka ɗora hoton da aka turo maka, ya nuna maka sauran wuraren da hoton yake. Sau da yawa za ka tarar abayar da aka ce ɗinkin Dubai ce tana nan a shagunan intanet na Temu ko Shein da wannan hoton dai, ko kuma shafuka goma suna amfani da hoto guda kowa na cewa nasa ne. Duk wannan alheri ne. Iyakar tana wuri ɗaya: a gyara abin da ke kewaye da kaya, kada a taɓa kayan. Da zarar an sauya launi, ko sheƙi, ko zubi, ko an ɗora yadi a kan rigar da ba a ɗinka ba, to an daina talla an koma yaudara. In dole sai an nuna salon da AI ya zana, a rubuta ɓaro-ɓaro a jikin hoton cewa zane ne, a ajiye hoton yadin gaske a gefensa.

Akwai kuma wannan sabon yayin na gwada kaya a waya. Google ya fara shi a Amurka a 2023 da hotunan masu talla masu jiki iri-iri, a 2025 ya ba mutum damar ɗora hotonsa ya ga rigar a jikinsa. Ƙananan manhajoji masu kwaikwayonsa sun cika gari. Abin yana da amfani wajen ganin ko launi zai karɓi fatar mutum, iyakarsa ke nan. Bai auna ki ba, Hajiya. Duk rigar da kika ba shi zai zana ta ta zauna miki daidai, ko da a zahiri ba za ta wuce kafaɗarki ba, domin an gina shi ne ya fitar da hoto mai daɗin kallo. Awo yana wurin tef: kafaɗa, ƙirji, ƙugu, kwankwaso, tsawon hannu, tsawon riga. Ki rubuta su ki ajiye a waya. In jadawalin shago da santimita yake, ki ninka incinki da 2.54. Ki lura ko lambar da suka ba da ta zagayen jiki ce ko ta rigar a shimfiɗe, don ta shimfiɗe rabi ce, sai an ninka biyu. Yadin da ba ya miƙewa yana son sararin inci 2 zuwa 4 a kan awon jiki. XL na kayan Chaina yakan fi na Ingila ƙanƙanta, don haka harafi ba abin dogaro ba ne. Lambar abaya kuwa, 52 ko 54 ko 56 ko 58, tsawo ce a inci daga kafaɗa zuwa ƙasa, ba ta faɗin komai a kan faɗi. Kuma don Allah 'yan uwa mata, kafin ki ɗora cikakken hoton jikinki a manhajar da ba ki san mai ita ba, ki tuna cewa hoton ya bar wayarki ya tafi na'urar wani, ba ki da tabbacin ranar da za a goge shi.

Gani ya kori ji, amma yau ganin hoto bai kori komai ba. Kafin ki tura ko sisi, ki nemi kiran bidiyo kai tsaye, don yanzu gajeren bidiyo ma ana ƙirƙirarsa. A fito da kayan waje da rana a inuwa, a ajiye farar takarda a gefe don ki gane ko launin ya karkata. A warware yadi ɗaya aƙalla. A juya bayan: atamfa mai kyau gabanta da bayanta kusan ɗaya ne, mai arha bayanta ya kan yi fari-fari. A nuna bakin da rubutun kamfani. A damƙe yadin a hannu a saki ki ga yadda yake komawa. In anko ne na mutum da yawa, a sayi turmi ɗaya tukuna, a jiƙa farin ƙyalle a goga a kai a ga ko yana zuba, a zare zare ɗaya a kusanta shi da ashana: auduga tana ci ta bar toka mai laushi da ƙauri irin na takarda, roba tana narkewa ta dunƙule ta yi tauri. A kai wa tela ya ɗinka guda ɗaya, kowa ya gani, sannan a yi odar sauran. Kuma a tambayi mai kaya ko duk daga dila ɗaya za ta ciro, domin zane ɗaya daga dila biyu yakan bambanta a launi. Mai gaskiya ba za ta ji haushin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wadda ta ce ba ta da lokacin kiran bidiyo amma tana da lokacin tura lambar asusu, a bar mata kayanta. Ba a cinikin biri a sama.

Ku ma teloli, daga kasuwar Wunti har ta Muda Lawal, da sauran gyara a wurinku. Kunya da tsoron rasa kwastoma ne ke sa ku karɓi hoton da kun san ba zai ɗinku ba ku ce in sha Allahu. Ku faɗa tun kafin almakashi ya taɓa yadi. Ku ɗauki biro ku zana abin da turmin zai iya bayarwa, gaba da baya, ku rubuta yawan yadi da shafi da kuɗin aiki, ku tura mata ta amsa a rubuce kafin ku karɓi kafin alƙalami. Waɗanda kuma suka fara cika shafinsu da ɗinkin AI suna cewa aikin shagonsu ne, ku ma kun shiga sahun mai atamfar nan.

Ina faɗin wannan ne da ciwo a rai, don kasuwar intanet ta rufa wa mata da yawa asiri a garin nan. Akwai zawarawa da ɗalibai da matan aure da ke sarowa daga Kantin Kwari suna ciyar da gida da ribar turmi biyu ko uku a mako. Jarinsu duka amana ce. Duk hoton ƙarya ɗaya da ya fashe, su ne ke biya, domin gobe mai saye zai ƙi yarda da hoton gaskiya ma. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa an rufe da busasshe a sama, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Hadisin yana cikin Muslim. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta hana tallan yaudara, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da suka saɓa da yadda aka siffanta su, hukumar FCCPC ce ke kula da ita. Ƙawayen amarya su adana hoton sitatus ɗin da hirarsu da shaidar tura kuɗi, su nemi haƙƙinsu a inda yake, su kuma je su ba telan nan haƙuri a bainar jama'a yadda suka zage shi a bainar jama'a.

Tunda ana maganar kaya, masu karɓar saƙo a tasha ku ji tsoron Allah. Ana biyan kuɗin mota cikakke daga Kano, sannan a cusa ƙunshin shadda a but kusa da jarkar manja da galan ɗin fetur, ya iso Bauchi da tabo da wari, direba ya ce haka aka ba shi. Masu turowa ku riƙa sa leda biyu, ta ciki a ɗaure bakinta, ta waje a naɗe da salatif, a rubuta lambar mai karɓa a jikin duka biyun, kuma a ɗauki hoton ƙunshin a hannun direba tare da lambar motar kafin ta tashi.