La'adar kawo mace: wane irin aiki ne ake tallata wa samarinmu?

Ɗan yayata ya gama bautar ƙasa bara. Yana zaune a Mararraba, kullum yana shan cunkoson Nyanya yana shigowa Abuja neman aiki. Rannan ya same ni da waya a hannu, ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan." Talla ce a Telegram: aiki daga gida, ba ruwansu da takardar makaranta, biya kuma da dala. Abin da ake so shi ne ya riƙa bin shafukan 'yan mata a Instagram da TikTok, ya yi musu magana, ya haɗa su da wani kamfani da zai "kula da harkarsu". Duk wadda ta amince, yana da kasonsa. Sai da muka kai ƙarshen tallar muka gane harkar: hotuna da bidiyon tsiraici na sayarwa a shafuka irin su OnlyFans.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron bai ga hannunsa a cikin lamarin ba. Ba shi zai tuɓe ba, ba shi zai riƙe kyamara ba. A ganinsa dillanci ne kawai.

An kafa OnlyFans a Landan a 2016. Shafin yana cire kashi 20 cikin 100 na duk abin da aka biya, sauran ya tafi ga mai asusun, kuma a 2023 kuɗin da masu kallo suka zuba a ciki ya kai dala biliyan 6.6. Inda kuɗi ya taru haka, 'yan tsakiya ba sa jiran gayyata. Sai ga kamfanoni sun tsiro suna karɓar ragamar asusun mace: su ne masu ɗora hotuna, su ne masu sa farashi, su ɗauki ma'aikata da ke kwana suna hira da maza da sunanta, alhali ita tana barci. Wasunsu har rabin kuɗinta suke kwashewa. Irin wannan kamfani ba shi da wata haja sai mata, kuma da yawansu ba sa daɗewa, wasu su gaji, wasu kuɗin ya ƙi zuwa. Dole kullum a kawo sabbi. Gurbin da aka yi wa ɗan yayata tayi ke nan.

Ni a wurina, yadda ake biyan mai kawowa shi ne ke tona asirin aikin. In an ce za a biya shi a kan kowace mace da ta sa hannu, to cinikinsa ya ƙare ranar da ta ce to. Me zai sa ya gaya mata cewa mafi yawan masu asusu ɗan abin da suke samu bai taka kara ya karya ba? Zai nuna mata hoton kuɗin wata Ba'amurkiya ya ce ke ma haka. In kuma an ce yana da kaso daga abin da take samu duk wata, wanda masu harkar ke cewa shi ne adalci tunda ba ya ci sai ta ci, to nan ma ya fi muni. Ranar da ta ce ta tuba, albashinsa ne ya tsaya. Ranar da ta ce iyakarta ke nan, ba za ta wuce haka ba, aljihunsa ne ya ragu. Wanda abincinsa ya rataya ga kada mace ta daina, Hausa tana da suna gare shi tun kafin a san intanet. Kawali ake ce masa, in mace ce kuwa magajiya.

Kalmar dillanci ma cin fuska ce ga dillalai. Je kasuwar shanu ka gani: dillali sananne ne, mai saye ya san shi, mai sayarwa ya san gidansa. In saniya ta zama ta sata, shi za a fara riƙewa. La'adarsa kuɗin tsaya wa ciniki ne. Wannan kuwa suna ne na bogi a waya, a biya shi da kuɗin kirifto, in ta ɓaci ya goge asusu ya buɗe wani. Ya fi kama da matan nan da ke ɗebo yara daga ƙauye su rarraba su aikatau a gidajen Gwarinpa da Kubwa, ƙarshen wata su zo su karɓe albashin. Mun san wannan tsari, mun kuma san wa yake cuta.

Za a ce mini ai baliga ce, da hankalinta ta zaɓa, kuma a Ingila doka ba ta hana ba. Za a kuma tuna mini cewa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, kuɗin da haya da mota a Abuja za su lamushe kafin wata ya raba. Ban raina wannan hujja ba, yunwa ba wasa ba ce. Amma zaɓi yana tsayawa ne a kan labarin da aka ba mai zaɓen, kuma a nan mai ba da labarin ba ya samun ko sisi sai ta yarda. Alkawarin da suka fi yi shi ne za a toshe Najeriya, babu wanda ya san ki da zai gani. Gaskiya ne ana iya toshe ƙasa a shafin. Ba a iya hana wanda ya biya ya kwafe hoton. Daga nan zuwa zauren WhatsApp na 'yan unguwarsu tafiyar dare ɗaya ce. Mai kawowa ya ci la'adarsa ya manta, ita kuwa bayan shekara goma ana iya tura wa dangin mijin da zai aure ta.

Samarin da ke ganin hannunsu a wanke yake, su karanta dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP mai hedikwata a Wuse ke aiwatarwa. Fatauci a dokar bai tsaya ga tsallaka da mutum Libiya ko Italiya ba. Jawo mutum ta hanyar yaudara ko amfani da halin ƙuncin da yake ciki don a ci moriyar jikinsa yana ciki, ko da bai bar ɗakinsa ba. In kuwa yarinyar ba ta kai 18 ba, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015 tana jira. Ta yaya mai farauta a Instagram zai san shekarun wadda ya gani da kwalliya? A Romaniya, tuhumar da aka yi wa Andrew Tate, wani da ya yi suna a shafukan sada zumunta, a 2023, wadda ya musanta, ta ginu ne a kan zargin jawo mata da soyayyar ƙarya zuwa irin wannan sana'a.

Laifinmu a Arewa shi ne duk sanda bidiyo ya fita, yarinyar muke yi wa ca. A zage ta, a zagi iyayenta, a yi ta yaɗa abin da ake cewa ana ƙyama. Ban taɓa jin an tambayi wa ya kawo ta, nawa aka ba shi ba. NAPTIP ta bi waɗannan tallace-tallace tun daga tushe, tunda a fili ake yin su. In za ta je wayar da kai a sansanin masu bautar ƙasa na Kubwa ko jami'a a Gwagwalada, ta tara maza su ma, don su ake nema da wannan gurbi.

Na tambayi ɗan yayata, in ya karɓi aikin, wa zai fara yi wa magana. Ya ce baƙuwa ba za ta kula saƙonsa ba, sai dai wadda ta san shi. Na ce kamar wa? Ya buɗe lambobin wayarsa yana dubawa: 'yan ajinsu na jami'a, wata da suka yi bautar ƙasa tare, ƙanwar abokinsa. Ya ɗan jima yana kallo, sannan ya kife wayar a kan tebur.