Ba makaɗan ne suka kunyata ka ba, kunnenka ne

To, bidiyon bikin nan da wani mawaƙin zamani ya kasa bin kiɗan masu kalangu dai kowa ya gani, bayanin da "shahararren mawaƙin" ya fito ya yi daga baya ma mun ji. Wai makaɗan ne ba su iya ba. Wai 'yan gargajiya ne, ba su san zamani ba. Sannu da ƙoƙari, ranka ya daɗe! Inji ya mutu ana tsakiyar biki, kwamfuta ta yi shiru, dattawa masu kalangu suka tausaya maka suka ɗauki kiɗa don kada taro ya watse. Suka sassauta, suka yi ta juya maka kiɗan ko za ka samu wurin shiga, kai kuwa ka sandare da mataccen makirufo a hannu. Amma su ne ba su iya ba.

Malam, muryarka lafiyarta ƙalau. Kunne ne babu. Kunne kuwa ba a saye a situdiyo.

Ku da kuke kare shi, kun taɓa lura da yadda ƙungiyar makaɗa take aiki? Ƙaramin ganga, kuntuku, yana riƙe da takun kiɗa ba ya gocewa. Mai babban kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana saki, kalangun yana bin hawa da saukar muryar jagora. 'Yan amshi suna riƙe da gindin waƙa, kuma daidai lokacin da suke amshin nan ne jagora yake numfasawa, ya dubi fili, ya ƙulla ɗan waƙa na gaba. Sanƙira na gefe yana sanar da shi wanda ya shigo, ɗan wane ne, jikan wane. Kafin mutumin ya samu kujera sunansa ya shiga waƙa, ya zauna daram. Babu takarda, babu wanda ya ce a tsaya a sake. Kowa yana jin kowa, shi ke nan sirrin.

Haka Mamman Shata na Musawa ya yi ta yi har ya rasu a 1999, ana kiɗa yana ƙirƙira nan take. A gidan makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo kuwa, jagora kan fara magana 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa. Kana tsammani ranar da aka ɗauke su suka iya? Yaro da ɗaukar kaya yake farawa, ya yi shekaru a baya yana amshi, ya shiga ba daidai ba a harare shi, gobe ya gyara. Kunne ake gina masa kafin a ba shi gaba.

Na san me za a rubuto mini: "Zamani ya canza, yanzu fiyano ake yayi." To sai me? Fiyanon ya hana ka zama da mai gurmi? Wasu kuma za su ce ai a duniya yanzu komai sai an tsara. Wace duniyar? A 2004, a wani otal a Bamako, makaɗan Mali biyu, Ali Farka Touré da jitarsa, Toumani Diabaté da kayan kiɗansa mai tsirkiya da yawa da ake kira kora, suka zauna ba tare da gwaji ba aka naɗa, faifan ya ci kyautar Grammy a 2006. Mali ɗin nan ta kusa da mu fa. Masu cewa hassada nake yi kuwa, Allah ya ba ku haƙuri, ban da lokacinku.

Wallahi ba don wulaƙanci nake faɗa ba, yaran nan mawaƙan zamani tausayi suke ba ni. Da yawansu suna da baiwa ta gaske, amma duk waƙar da suka taɓa yi su kaɗai ne a ɗan ɗaki, abin ji a kunne, kiɗa ya riga ya daskare a kwamfuta, in sun kuskure a yanke a liƙa. Kiɗan kwamfuta ba ya jiran ka, ba ya tsokanar ka, ba ya canza taku don ya ga ko kana biye. Ƙanena, nemi masu kukuma ko kalangu a garinku, ka gaishe su da ladabi, ka zauna. Ranar farko kada ka buɗe baki. In ka fara, riƙe amshi kawai, layi ɗaya, har ya zauna maka a jiki. In ka ɓata kada ka tsaya, jira kiɗa ya zagayo ka sake hawa. Kuma ka bar wa wani fili, ba kowane gurbi ne naka ba. Za a yi maka dariya, gara a yi ta a zaure da a yi ta a gaban surukan mutane da wayoyi ɗari.

Af, tun da ana maganar biki: masu gabatarwar nan da ke ƙwace makirufo ana tsakiyar waƙa suna ihun "ina ƙawayen amarya", wa ya ɗaure musu gindi ne? Ga lasifika an ƙure ta, tsofaffi na toshe kunne, jarirai na tsala kuka. Kuɗin hayar kayan sautin nan kaɗai ya isa a sallami makaɗa biyar su koma gida da fara'a, amma su ne kullum ake cewa su jira sai an tashi.