Yadda ram ya kunyata ni a shagon Kawu

Kun san tsohuwar kwamfutar nan ta shagon Kawu, OptiPlex 780 da ake buga wa mutane takardu da ita. Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga 2 kacal ne, guda biyu masu giga ɗaya-ɗaya, in ka buɗe Word ka ƙara Chrome a kai sai ta tsaya tana nishi. Ni da bakina na ce wa Kawu minti goma ya ishe ni in ƙara mata ram. Na zo da ram uku a aljihu, na zare filogi, na danna maɓallin kunnawa don ragowar wuta ta fice, na taɓa ƙarfen akwatin, duk yadda ake yi.

Na farko daga durowata ya fito. Na ɗora shi a gurbi, ya ƙi zama. Na juya shi, ya ƙi. Ashe DDR2 ne. Shi da DDR3, irin da kwamfutar ke karɓa, tsawonsu ɗaya, haƙoransu 240 kowanne, amma tsagar da ke tsakanin haƙoran ba wuri ɗaya take ba, kuma da gangan aka yi haka: DDR2 wutar volt 1.8 yake ci, DDR3 kuwa 1.5. Na san wannan sarai. Duk da haka sai da na sa manyan yatsuna biyu na danna, har madabod, faifan da gurbin ke kai, ya ɗan lanƙwasa.

A nan Baban nan mai fansho ya shigo cikin zancen. Tun safe yake kan benci yana jiran a buga masa shafi ɗaya. Ya ce, "Yaro, abin da ba a yi don rami ba, ba ya shiga rami." Na ce, "Baba, gwadawa nake." Ya ce ai ya gani.

Na biyu shi ne abin alfaharina, giga 8 da na samo da arha. Ya shiga ƙas, kunnuwan gurbin biyu suka rufe da kansu. Na kunna. Fanka ta juya, allo baƙi ƙirin, sai kuka tit, tit. A jikin takardarsa an rubuta PC3-10600R. Wannan R ɗin ita ce masifar: ram ɗin saba ne, wato manyan kwamfutocin kamfanoni, yana da ƙarin ƙwaya a tsakiya da kwamfutar tebur irin wannan ba ta san yarensa ba. Mai U a ƙarshe ake nema. Arhar da na yi ta murna da ita, dalilinta ke nan.

Baba ya gyara zama ya ce, "Ɗazu dai tana tafiya, ko da a hankali ne." Mutumin nan ko tari na yi sai ya yi sharhi. Har ya ba wata mata da ta shigo labarin daga farko, ya ƙara da cewa na karya wani abu, alhali ban karya komai ba. Kuma ni na taɓa cike masa fom kyauta bara, bai tuna da wannan ba.

Na uku ba shi da aibu ko kaɗan a idona: giga 4, PC3-12800U. Gudunsa 1600 ne, na cikin kwamfutar 1066, amma wannan ba matsala ba ce, in an gauraya duka sai su sauko su bi gudun na ƙasa. Na saka, na kunna. Baƙi. Na cire tsofaffin na bar shi shi kaɗai. Baƙi. Na goge haƙoransa da magogin fensir, na hura gurbi, na canja gurbi. Gumi ya jiƙa min riga, Kawu ya daina kallona ya koma kallon titi.

Sai yaron shagon, wanda ni na koya masa haɗa firinta, ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce, "Yaya, ai 1Rx8 ne. Ƙirga ƙwayoyin." Takwas ne, a gefe ɗaya kawai. Wato kowace ƙwaya ta yi wa tsohon cifset ɗin Q45, abin da ke sarrafa ram a madabod ɗin, girma, ba ya iya karanta ta. Giga 4 da yake karɓa shi ne 2Rx8, mai ƙwaya goma sha shida, takwas gaba takwas baya. A gaban Baba ya faɗi wannan, da ƙarfi, har da maimaitawa.

Yaron ne ya hau acaɓa ya canjo. Tsofaffin biyu suka koma gurabensu masu fararen kunnuwa, sabon ya shiga ɗaya daga cikin baƙaƙen, BIOS, shafin saitin kwamfutar, ya nuna giga 6. Na miƙe na karkaɗe hannu kamar ni na yi aikin. Da Windows ta buɗe sai ta ce uku da ɗan wani abu kawai za ta iya amfani da shi, don mai 32-bit ce, sai an sake ɗora mai 64.

Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Baba ya naɗe takardarsa ya ce zai dawo gobe, ya tambayi Kawu ko ina zuwa kullum.